Kufan Monte Alban: Birni Ya Tashi, Tukunya Na Nan Bisa Murhu

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi. Wanda ya baro Kano ko Sakkwato ko Katsina ya zo neman abinci Ikko ko Badun ba sai an fassara masa wannan magana ba, don kuwa ya san yadda baƙo ke sauka a tasha da tambaya biyu a bakinsa: ina masauki, ina kuma za a sami abin da ciki ya saba da shi. To, labarin wannan mako na wata ƙasa ce mai nisan gaske, can ƙetaren Tekun Atlantika, inda matafiya daga ko'ina cikin duniya ke zuwa kallon kufan wani birni da aka kafa bisa tsauni shekara 2,500 da suka wuce, da yamma kuma su sauko su ci abinci a hannun jikokin waɗanda suka gina shi.

Sunan wurin Monte Alban. Yana cikin Jihar Wahaka, wadda a rubuce ake sa ta Oaxaca, a kudancin ƙasar Meziko. Mutanen da suka gina shi kuwa ana ce da su Zafotek.

HANYAR ZUWA

Daga birnin Meziko, hedkwatar ƙasar, zuwa garin Wahaka tafiyar kilomita 460 ce ko kusa da haka, watau awa shida zuwa bakwai a babbar motar fasinja, hanya duk hawa da gangara. Garin yana cikin wani kwari mai faɗi, amma duk da haka tudunsa ya kai mita 1,550 daga bakin teku, ya ɗara na Jos ke nan. Wanda ya duba taswirar duniya zai ga Wahaka da Agadas kusan a kan layi ɗaya suke. Shekararsu ma kashi biyu ce irin ta Arewa: damina daga wajen watan Mayu zuwa Oktoba, sa'an nan rani ya shigo, ciyawa ta bushe, duwatsu su yi ja.

Daga tsakiyar gari zuwa kufan bai wuce kilomita 10 ba. Ƙananan motoci na ɗaukar baƙi tun da safe, su yi ta kewaya tsaunin har su kai bisa cikin rabin awa. Mai hankali sammako yake yi, ya riƙe ruwan sha da malafa, domin inuwa kaɗan ce a can, rana kuwa in ta take ba ta da sauƙi ko da ana iska.

AN SARE KAN TSAUNI

Abin da ke fara kama idon baƙo shi ne fili. Tsaunin ya tashi mita 400 daga ƙasan kwarin, amma kansa shimfiɗe yake kamar faifai. Mutane ne suka sare ƙololuwar, suka cike ramuka, suka daidaita wurin har ya zama dandali mai tsawon kimanin mita 300, faɗinsa kusan 200. Sun yi wannan aiki ba su da ƙarfe, ba su da amalanke, ba su da jaki ko doki ko raƙumi, don a lokacin babu waɗannan dabbobi a nahiyar Amurka. Da dutse suka sassaƙa dutse, a baya kuma suka yi dakon kaya.

Kudu da arewacin dandalin akwai manyan dakalai biyu na dutse, kowanne da matakala mai faɗi. Gabas da yamma kuma jerin gine-gine ne, wasu wuraren ibada, wasu gidajen sarakuna. Wanda ya daure ya hau dakalin kudu, in ya juyo sai ya ga birnin duka a gabansa, a ƙasa kuma kwaruruka uku da suka haɗu a gindin tsaunin, da gonaki da ƙauyuka har iyakar gani. Nan take zai gane dalilin zaɓen wannan wuri: wanda ke zaune a nan, babu ayarin da zai motsa a ƙasa bai gan shi ba.

Masu binciken kayan tarihi sun ce an kafa birnin wajen shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Kafin nan babban garin yankin shi ne wanda yanzu ake kira San Jose Mogote, a ƙasan kwarin, kuma a daidai lokacin da Monte Alban ya tashi ne shi ya ragu. Talakawa a jikin tsaunin suka zauna, inda aka yanka shi hawa hawa aka yi filayen gidaje. Wani masani Ba'amurke, Richard Blanton, ya bi su ya ƙidaya fiye da 2,000. Lokacin da birnin ya cika ya batse, an ƙiyasta mazaunansa tsakanin mutum 15,000 da 30,000. Babu kogi bisa tsaunin, saboda haka sai suka yi magudanai da wuraren tara ruwan sama, abinci kuma kullum daga gonakin ƙasa ake hawo da shi.

MASU RAWAR DA BA RAWA SUKE BA

A kusurwar yamma akwai wasu manyan allunan dutse da aka zana mutane a jikinsu, tsirara, hannuwa da ƙafafu a karkace. Waɗanda suka fara ganinsu a ƙarni na 19 sun ɗauka rawa suke yi, sai suka sa musu suna Danzantes, watau masu rawa, sunan kuwa ya bi su har yau. Amma wanda ya matsa kusa zai ga idanunsu a rufe, bakinsu a buɗe, wasu ma jini na zuba daga jikinsu. Yawancin masana sun tafi a kan cewa kamammun yaƙi ne da aka kashe, aka zana su don kowa ya gani ya ji tsoro. An sami irin waɗannan alluna fiye da 300.

A tsakiyar dandalin kuma akwai wani gini da ya saɓa wa sauran. Duk gine-ginen suna fuskantar gabas ko yamma, kudu ko arewa, shi kuwa a karkace yake, da tsini kamar bakin kibiya. A jikinsa an kafa alluna wajen 40, kowanne da alamar wani gari, a ƙarƙashin da yawa daga cikinsu kuma kan mutum a kife. Ana fassara su da cewa jerin garuruwan da sarakunan Monte Alban suka ci da yaƙi ne. Ashe dai kirarin sarauta ba a ƙasa ɗaya ya tsaya ba, sai dai su nasu a dutse suka rubuta shi.

Rubutun Zafotek na cikin mafi daɗewa a nahiyar Amurka baki ɗaya. Lissafinsu da ɗigo da sanda ne: ɗigo ɗaya ne, sanda biyar, saboda haka sanda biyu da ɗigo uku 13 ke nan. Kalandarsu biyu ce, ta noma mai kwana 365, da ta ibada mai kwana 260. Abin da zai ba Bahaushe sha'awa shi ne, da ranar haihuwa ake raɗa wa mutum suna, kamar dai yadda ake samun Ɗanladi da Talatu da Jummai. Yawancin sunayen da aka iya karantawa a jikin duwatsun irin waɗannan ne.

Akwai kuma filin wasan ƙwallo, mai gangara a gefe biyu. Ƙwallon ta danƙo ce zalla, mai nauyi, da ƙugu ake dukanta. Wasan na da alaƙa da addininsu, wanda a cikinsa babban abin bautarsu shi ne Cocijo, na ruwan sama da tsawa. Manomin da rayuwarsa ta rataya a kan damina, ba abin mamaki ba ne tunaninsa ya tafi can.

SU MA SUN YI ZANGO

Akwai wani ɓangare na tarihin waɗannan mutane da ba a ganinsa bisa tsaunin, amma ya fi kowanne kusa da zuciyar mai zaman baƙunci. A zamanin da Monte Alban ke tashe, birni mafi girma a ƙasar shi ne Teotihuacan, can arewa kusa da inda birnin Meziko yake yanzu, mai mutum fiye da 100,000. Cikin shekarun 1960, da masu bincike suka auna wannan birni unguwa unguwa, sai suka tarar da wata unguwa a gefen yamma wadda mutanenta daban suke.

Gidajensu irin na 'yan gari ne, ba ka bambanta su daga waje. Amma da aka tona sai aka ga kaburburansu irin na Wahaka ne, tukwanen ibadarsu irin na Wahaka, har da dutse mai rubutun Zafotek. Wasu tukwanen ma da yumɓun wurin aka gina su, amma a kan fasalin na gida. Haka suka zauna shekaru ɗaruruwa, ɗa ya gaji uba, jika ya gaji kaka, suna cuɗanya da masu masaukinsu a kasuwa, in sun koma gida kuma su koma al'adarsu.

Mazaunin Sabo ta Badun, wadda aka kafa tun 1916, ko na Agege ko Idi Araba ko Shagamu, ba ya bukatar dogon bayani a nan. Ya san yadda ake haya a gidan Bayarabe, a iya Yarbanci, amma ranar suna a yanka rago, a dama fura, a kira wanzami daga cikin 'yan'uwa.

TASHIN BIRNI DA KABARI NA 7

Birnin ya yi fiye da shekara 1,200 ana zaune cikinsa. Daga wajen shekara ta 750 zuwa 850 Miladiyya sai ya shiga raguwa. A hankali abin ya faru: aka daina sababbin gine-gine, aka daina gyaran tsofaffi, jama'a suka riƙa sauka, mulki ya rarrabu a hannun ƙananan garuruwan kwarin irin su Zaachila da Yagul da Mitla. Ciyawa ta rufe matakalai, ƙasa ta binne gidaje. Ko da Turawan Sifen suka iso yankin a 1521, tsaunin ya daɗe da zama kufai, kamar yadda Surame ta Kanta ta zama a ƙasar Kabi.

Amma mutanen yankin ba su daina girmama wurin ba. Wata ƙabila maƙwabciya, Mishtek, ta riƙa buɗe tsofaffin kaburburan tana binne manyanta a ciki. Wannan ne ya jawo abin da ya sa sunan Monte Alban ya zaga duniya. A 1931 wani masani ɗan ƙasar, Alfonso Caso, ya fara tono a wurin. Cikin watan Janairu 1932 ma'aikatansa suka buɗe wani ɗakin kabari da suka sa wa lamba 7. Da aka haska fitila sai ga dukiya shimfiɗe a ƙasa: kayan ado fiye da 400 na zinariya da azurfa da lu'ulu'u da koren dutse mai daraja, da ƙasusuwa da aka yi wa sassaƙa mai kyau kamar saƙa, da ƙoƙon kan mutum da aka lulluɓe da ƙananan shuɗɗan duwatsu.

Ba a fitar da wannan dukiya zuwa Turai ba. Tana nan a garin Wahaka, a gidan tarihin da ke cikin tsohon gidan limaman Kirista na Santo Domingo, kowa na iya biyan kuɗin shiga ya gani. An gano kaburbura wajen 170 a Monte Alban, amma babu kamar na 7. A 1987 hukumar UNESCO ta sa kufan, tare da tsohon garin Wahaka, cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Babban abokin gabansa yanzu shi ne girgizar ƙasa, wadda ta tsattsaga wasu gine-ginen a 1999 da kuma 2017, aka yi ta aikin gyara.

DAGA DUTSE ZUWA KASUWA

Kallon dutse ba ya maganin yunwa. Da azahar baƙo zai sauko gari, ƙafa ta gaji, maƙogwaro ya bushe, ya nufi kasuwanni biyu da ke maƙwabtaka da juna kudu da babban dandalin garin, Kasuwar Benito Juarez da Kasuwar 20 de Noviembre. A nan ne zai gane cewa Zafotek ba su ƙare tare da birninsu ba.

Tun daga bakin ƙofa mata ne zaune da manyan kwanduna cike da wani abu ja. Bature kan ja da baya, ya ɗauki hoto, ya rufe ido kafin ya jefa ɗaya a baki. Mutumin Maiduguri ko Kano kuwa dariya zai yi, don fara ce. Su chapulines suke ce mata. Da damina ake kama ta a gonaki, a wanke, a gasa a kasko da gishiri da tafarnuwa da lemon tsami da barkono. Ana sayar da ita da ɗan gwangwani, ƙanana daban, manya daban. Mutanen garin na cewa duk wanda ya ci farar Wahaka sai ya sake dawowa.

Uwar abinci a nan ita ce masara. Amma ba sa niƙa ta haka nan. Sai an tafasa ta da ruwan farar ƙasa ko na toka, ta kwana a ciki, a wanke, sa'an nan a niƙa ta da danshinta ta zama ƙulli. Wannan dabara tana cire dusar, tana sa ƙullin ya yi danƙo, tana kuma fito da wani sinadari mai gina jiki wanda ciki ba ya iya tatsa daga masarar da ba a yi wa haka ba. Ƙasashen da suka karɓi masara suka bar wannan dabara, suka kuma dogara da ita kaɗai, sun yi fama da wata cuta mai ɓata fata da kawo zawo. Daga ƙullin ake yin tortiya, watau gurasa marar kauri da ake gasawa a faffaɗan kaskon yumɓu. Ta Wahaka, wadda ake kira tlayuda, faɗinta ya kai na faifai. Ana shafa mata dafaffen wake da aka dama, a zuba kabeji da cukun garin mai warwaruwa kamar zare, a ɗora nama, a naɗe a gasa bisa gawayi.

Sai miya. Ana yi wa Wahaka kirari da ƙasar miya bakwai, sunan miyar kuwa mole. Sarauniyarsu ita ce baƙar, wadda akan haɗa mata kaya wajen 30: barkono iri iri da aka gasa har ya yi baƙi, riɗi, gyaɗa, tumatir, albasa, ayaba, kanumfari, kirfa, da ɗan cakulan. Yini guda ake yi ana suya da niƙa da juyi, shi ya sa ta zama miyar biki da ta zaman makoki. A baki tana da ɗaci kaɗan, zaƙi kaɗan, yaji kuma daga baya yake tasowa.

A cikin Kasuwar 20 de Noviembre akwai wani lungu da ake kira lungun hayaƙi. Mahauta ne jere hagu da dama, kowa da garwashinsa. Mutum zai nuna naman da yake so, a auna, a gasa a gabansa, a miƙo masa cikin kwando da albasa da barkono gasassu. Naman shanun da suke kira tasajo an yanka shi falle falle an sa gishiri, kamar kilishin da bai gama bushewa ba.

Wajen abin sha ma baƙo daga Arewa zai yi ta ganin 'yan'uwa. Akwai atole, kunun masara ne sak. Akwai tejate, wanda mata ke damawa da hannu cikin babbar kwatarniya, da masara da ƙwayar koko da wani fure mai ƙanshi, kumfa ta taso a kai, a zuba wa mutum a jan ƙoƙo mai zane kamar mai shan fura. Cakulan kuma da ruwan zafi ake kaɗa shi, da wani ice mai kama da maburgi. Wannan kokon da ake nomawa a Ondo, wanda da kuɗinsa aka gina dogon Gidan Koko na Badun a 1965, asalinsa daga nahiyar Amurka ne, kuma mutanen wannan yanki sun daɗe suna shansa kafin Turawa su san da shi. Daɗin daɗawa, jan ruwan sanyin da ake sayarwa a manyan kwalabe, wanda suke kira jamaica, a faɗe hamaika, zoɓo ne. Meziko na cikin manyan masu sayen busasshen zoɓon da ake nomawa a Jigawa da Kano da Katsina. Ba mamaki kofin da matafiyi ya sha a Wahaka daga gonar ƙauyensu furen ya fito.

MATAMBAYI BA YA ƁATA

Sai dai fa a nan akwai wurin taka-tsantsan ga Musulmi. Turawan Sifen ne suka kawo alade ƙasar, shi kuwa ya shige cikin girkinsu ƙwarai. Kafin a shafa wa tlayuda wake, akan fara shafa mata wani kitsen alade da ake kira asiento. Waken kansa sau da yawa da kitsen ake soya shi, haka ma kayan mole, haka tamales, wani ƙullin masara da ake naɗewa a ganyen ayaba a turara kamar alala. A lungun hayaƙi, jan naman da ake kira cecina da tsiran hanjin da ake kira chorizo duk na alade ne, kuma a garwashi ɗaya ake gasa su da na shanu.

Ido ba ya gane wannan, sai baki ya tambaya. Kalmomi uku sun isa a riƙe: puerco shi ne alade, manteca kitsensa, sin kuwa na nufin "ban da". Wanda ya ce "sin asiento, sin manteca" za a fahimce shi, kuma masu abinci sun saba da irin wannan roƙo daga baƙi. Wanda ya fi son kwanciyar rai sai ya tsaya ga tortiya da ƙwai da cuku da kifi da fara da 'ya'yan itace, waɗanda kasuwar ke cike da su. Haka nan akwai mezcal, barasa mai ƙarfi da ake yi da wani tsiro mai kama da kabar giwa, wadda akan miƙa wa baƙo don girmamawa. A yi godiya, a ce ba a sha, a nemi zoɓo. Ruwan famfo kuma a bar shi, a sayi na kwalba.

HANYAR MITLA

Wanda ke da kwana biyu, ya kamata rana ta biyu ya bi hanyar gabas. Zangon farko ƙauyen Santa Maria del Tule ne, inda wata itaciya take wadda kewayen gindinta ya kai mita 42, shekarunta kuma sun haura 1,000. Duk kukar da mutum ya sani, a gabanta 'yar yarinya ce. Gaba kaɗan sai Teotitlan del Valle, garin masaƙa, inda har yanzu wasu ke rina zaren ulu da baba, ja kuma da wani ɗan ƙwaro da ake kiwo a jikin tsiro. In ranar Lahadi ce sai a tsaya Tlacolula, inda kasuwa ke ci mako mako, matan ƙauye su zo da talotalo a hammata, ciniki kuma da harshen Zafotek.

Mitla na da nisan kilomita 45 daga Wahaka. Sunanta na asali Lyobaa, watau wurin hutawa, don nan ne mazaunin babban limaminsu, nan kuma ake binne manya. Ba ta da girman Monte Alban, amma ta fi shi ado. An lulluɓe bangayenta da dubban ƙananan duwatsu da aka yanka aka jera ba tare da kwaɓi ba, suka ba da zane iri 14, mai gani sai ya tuna aikin wuyan babbar riga ko zanen soron Zariya. Da Turawan Sifen suka zo, sai suka rushe wani sashe suka gina coci a kai da duwatsun wurin. Yau coci da kufai suna nan manne da juna.

A duwatsun da ke tsakanin Yagul da Mitla akwai wani kogo, Guila Naquitz, wanda Kent Flannery ya tona cikin shekarun 1960. A ciki aka sami 'ya'yan kabewa da aka shuka shekara 10,000 da suka wuce, da totuwar masara mai shekara fiye da 6,000, ƙanana kamar ɗan yatsa. UNESCO ta sa waɗannan koguna cikin jerinta a 2010. Masarar da ake gasawa a bakin titin Agege, da wadda ake tuƙa tuwo da ita a Funtuwa, daga kudancin Meziko kakanninta suka fito. Barkono da tumatir ma daga wannan nahiya suka zo.

JIKOKIN MAGINA

Ƙidayar 2020 ta nuna mutum wajen 490,000 ke magana da harsunan Zafotek a Meziko. Mafi shahara a tarihinsu shi ne Benito Juarez, wanda aka haifa a ƙauyen Guelatao a 1806. Maraya ne tun yana shekara 3, ya yi kiwon tumaki, yana shekara 12 ya taka da ƙafa zuwa Wahaka, inda yayarsa ke aikin girki a gidan wasu masu hali, ba ya ko jin Sifananci sosai. Ya yi karatu, ya zama lauya, ya zama gwamna, ya shugabanci ƙasar daga 1858 har rasuwarsa a 1872.

Jikokin maginan Monte Alban har yau matafiya ne. Talauci da ƙarancin ƙasar noma sun kai dubbansu birnin Meziko da gonakin arewa da birnin Los Angeles na Amurka, inda suka buɗe gidajen abinci, ake kuma aiko musu da tlayuda da cuku da fara daga gida. Suna da al'adu biyu da ke ɗaure su da ƙauye. Ɗaya tequio, aikin gayya na gyaran hanya ko makaranta, wanda ke kan kowane magidanci, in ba ya nan ya aiko da kuɗi ko ya sa wani. A ƙauyuka da dama ma akan kira mutum daga ƙetare ya dawo ya riƙe muƙamin gari na shekara guda ba albashi, wanda ya ƙi kuwa yana iya rasa matsayinsa a garin. Ta biyu guelaguetza, watau biki: ka kawo mini gudunmawa ranar aurar da 'yata, a rubuta, in mayar maka ranar taka. Da wannan suna ake kiran babban bikin raye-rayen da ake yi a Wahaka kowane watan Yuli.

Damuwarsu ita ce ta kowane mai zaman baƙunci: yaran da aka haifa a waje suna jin harshen iyaye amma ba sa mayarwa, nasu 'ya'yan kuma ko ji ba sa yi. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Mutanen unguwar nan ta Teotihuacan sun nuna ana iya barin gida shekaru ɗaruruwa ba a bari ya bar mutum ba, in dai uwa ta ci gaba da yi wa ɗanta magana da harshenta, tana kuma ɗora irin tukunyar da ta gada.

Sarakunan da suka sa aka sare kan tsauni, aka zana kamammunsu a dutse, yau sunayensu sai ƙwararru ke iya haɗa baƙaƙensu. Da yamma masu gadi kan sallami baƙi, a rufe ƙofa, kufan ya koma na iska da tsuntsaye. A ƙasa kuwa, a gidajen ƙauyukan da ke gindin tsaunin, a daidai wannan lokaci mata ke ɗora masarar gobe a wuta, su zuba mata farar ƙasa, su bar ta ta kwana.